Majigin Nima: Idan Babba Ya Zaɓi Fim, Yaro Zai Iya Buɗe Baki?

Yaya Sule: Assalamu alaikum jama'a. Mun gode wa duk wanda ya fito daren Asabar. Ga waɗanda suka shigo kwanan nan: duk Asabar ta ƙarshen wata bayan isha'i, ɗaya daga cikin sanannun unguwarmu ta Nima a nan Accra yakan kawo fim ɗin da ya fi so, mu haska a farfajiyar makaranta, ya faɗi dalilinsa, sannan a tattauna. Wannan karon Liman ne ya kawo fim ɗin Umar Mukhtar, jagoran 'yan Libiya da ya yaƙi mulkin mallakar Italiya. Bayan an tashi Fuseini ya tare ni da wata magana, na ce ya kawo ta nan kowa ya ji.

Fuseini: Wa alaikumus salam. Iyayena ku gafarce ni. A ganina wannan tsari na cewa babba ne zai zaɓi fim kuma shi zai fara magana, shi ke kashe tattaunawar. An yi kusan awa uku ana kallo, wuri ya cika maƙil. Da aka kunna fitila Liman ya yi bayani mai daɗi, Yaya Sule ya ce akwai mai tambaya? Tsit. Amma da muka koma bes, wato mazaunin samari, muka ɗora shayin ataya, har dare ya raba ana musu a kan fim ɗin. Wannan musun shi ne dalilin shirya majigin, ga shi a bakin titi aka yi shi, babu babba ko ɗaya da ya ji. A bar matasa su riƙa zaɓa, manya su zo kallo.

Kawu Alhassan: Ɗana, in aka bar muku, me za ku kawo? Abin da ke cikin wayoyinku, wanda kowa ya riga ya gani. Mu da muka yi layin tikiti a silimar Dunia nan Nima, muka taka da ƙafa har silimar Orion a Circle, mun sha kallon Indiya da na kaboyi, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga abin da fim ɗin ke nufi. Kai, ɓoyewa muke yi. In malamin makaranta ya ji ka je silima, bulala ce da safe. Daga baya bidiyo ya shigo, ana zana hoton fim a bayan buhun fulawa a kafa a ƙofar gida, yara su biya su cunkushe a ɗaki. Gidajen silima suka mutu ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma coci. Yau kuma Liman da kansa ya ɗauko fim ya zauna cikinku. Ni ban zaci zan ga haka da raina ba, kai kuma kana cewa a karɓe daga hannunsa.

Rakiya: Kawu, ba raina zuwan Liman aka yi ba. Bari in faɗi tambayar da ta maƙale, don ƙanena yana cikin masu musun. A fim ɗin akwai inda aka kama sojan Italiya, yaran Umar Mukhtar suka so kashe shi, ya hana. Samarin suna so su ce: mu fa wa ke hana mu? Duk lokacin zaɓe unguwannin zango irin namu ake zuwa ɗiban majiya ƙarfi. Sai da aka yi rikicin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a 2019 kafin majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan dabar jam'iyyu, kuma kowa ya san daga irin unguwannin da ake ɗibar yaran. To wa zai miƙe ya faɗi wannan, alhali masu harkar siyasar unguwa suna zaune a sahun gaba, mahaifinsa kuma yana bayansu?

Kawu Alhassan: Ai da ya faɗa. Wa zai cinye shi?

Rakiya: Ba wanda zai cinye shi, Kawu. Gobe ne za a ce ɗan gidan wane ba shi da kunya, uwarsa ta ji a kasuwa.

Malam Abdul Mumin: Ku saurara, akwai abin da ba ku sani ba. Ni na raka Liman gida. Ya zaɓi fim ɗin ne saboda Umar Mukhtar malamin Alƙur'ani ne kafin ya ɗauki bindiga, ya yi shekara 20 yana fafatawa da Italiya a Libiya, suka rataye shi a 1931 yana da shekara 70 da ɗoriya. Liman ya so yara su ga jarumin da ilimi ke riƙe da hannunsa. A hanya ya ce mini da alama fim ɗin bai shige su ba, tunda ba wanda ya ce uffan. Kun ga asarar? Yara na can suna musu har tsakar dare, malami na nan yana zaton ya yi aikin banza. Kunya ado ce, ba na so a mai da ita cuta. Amma tambaya ba rashin kunya ba ce. A gaban malami ake tambaya, haka muka yi karatu.

Baba Ticha: Na gode Malam. Ni ne na kawo Heritage Africa na Kwaw Ansah wancan watan, kuma abin da ya sami Liman ni ma ya same ni. Fim ne na 1989, ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a shekarar. Labarin ɗan ƙasa ne da ya samu muƙami a gwamnatin Turawan mulkin mallaka, ya juya sunansa ya zama na Bature, har kayan gadon gidansu da uwarsa ta danƙa masa ya miƙa wa gwamna. Na koyar a makarantun gwamnati har na yi ritaya, na ga yaran zango da yawa da ke ɓoye cewa daga Nima suke in za su nemi aiki. Don su na kawo shi. Na jira wani ya ce mini, Baba, sauƙin faɗa gare ka, kai ba a taɓa mayar maka da takardar neman aiki saboda adireshi ba. Da na ji daɗin wannan ƙalubalen. Ba wanda ya yi.

Duk da haka ban yarda da Fuseini ba. Ku tuna yadda finafinanmu suka yi. Nkrumah ya kafa hukumar fim ta Ghana a 1964, a 1996 aka sayar da kashi 70 cikin 100 nata ga wani kamfanin Malesiya, tsofaffin faifai da yawa suka lalace a ajiya. Yaron da aka haifa bayan 2000 ina zai ci karo da irin waɗannan in ba wani dattijo ya tuna ya nemo ba? Matsalar ba a zaɓi take ba, a jerin magana take. Muddin babba ya riga ya faɗi ma'anar fim, duk wanda ya zo da wata ma'ana ya zama mai ƙaryata shi. Mai fim ya yi gajeren bayani kafin a kunna, in an gama ya kame bakinsa, sai kowa ya gama sannan ya amsa.

Fuseini: Baba, wannan ya rage, amma bai warware ba. Ko ya yi shiru, ai yana zaune. Kuma ina da tambaya ta biyu: wane ne sanannen unguwa? Tunda aka fara, daga alhaji sai malami sai mai muƙami. Kocin da ke tara yara ƙwallo kullum da yamma fa? A irin waɗannan filayen na Nima ɗan ƙwallon Ghana Mohammed Kudus ya tashi. Mai sayar da waakye, shinkafa da wake, a bakin hanya, wadda rabin unguwa ke karya kumallo a wurinta? Su ba su da fim ɗin da suka fi so?

Hajiya Memuna: Yanzu ka zo inda nake jira, ɗan nan. Ina karanta ku tun safe. Maza kuna ta babba da yaro, ba wanda ya lura cewa ba a taɓa ba mace zaɓi ba. Mu ne a baya, mu ne da goyo, kuma kafin a fara tattaunawa mun kwashi yara mun tafi, don sha ɗaya ta wuce. In aka ba ni, Mother India zan kawo, na 1957. Mace ce miji ya tafi ya bar ta da 'ya'ya da bashin mai ba da rance da ruwa, ta yi noma da hannunta ta raine su. Ku shiga kasuwar Nima ranar Laraba ku ƙirga matan da ke ciyar da gida da kuɗin adashi. A kan wannan ina da abin faɗa, kuma matan da za su amsa mini ba sa jin kunyata.

Sai dai Fuseini, kada ka ce na goyi bayanka duka. In aka sakar muku zaɓi, wata rana za ku haska abin da ba zan iya kallo ba ga surukina zaune a gefe. Majigi a fili ba waya ba ce a ɗaki. Kaka da jika ne a tabarma ɗaya.

Fuseini: Hajiya, mu ma da tarbiyyarmu. A gwada mu sau ɗaya a gani.

Abdul Razak: Gaisuwa daga Aboabo, Kumasi. Mu a wajenmu in an yi zaman matasa da manya, takarda ake rabawa, kowa ya rubuta tambayarsa ba suna, a tara a ƙwarya, mai gabatarwa ya karanta. Tambayoyi masu nauyi sun fi fitowa ta nan.

Kawu Alhassan: Wannan kam ban yarda ba. Maganar da ba ta da mai ita, zagi take komawa. Kuma me muka koya wa yaro ke nan? Ya yi jifa ya ɓoye hannu? Ni so nake ya miƙe tsaye, ya yi sallama, ya faɗi ra'ayinsa da ladabi a gaban Liman, mu kuma mu tsare masa mutunci. In wani ya kai ƙararsa gida, ni zan je in ce da izininmu ya yi magana.

Malam Abdul Mumin: Kawu, in za ku faɗi wannan da bakinku a gaban jama'a kafin a kunna fim, ya fi takardar amfani. Amma a bar ƙwaryar ma, saboda 'yan mata.

Rakiya: Kuma a nemi mai fassara. Tsofaffinmu da yawa ba sa bin Turanci, balle rubutun ƙasan allo.

Yaya Sule: To ga abin da zan kai wa kwamiti. Wata mai zuwa na Hajiya Memuna ne. Fim ɗin dogo ne, za mu raba shi dare biyu, Asabar da Lahadi, a fara da an sallame isha'i don mata su samu tattaunawar. Mai fim zai yi magana a ƙarshe kamar yadda Baba Ticha ya ce. Za a ajiye ƙwarya, ni zan tace kafin in karanta. Rakiya, ki samo mana mai fassara. Wata na bayansa na kocin yara ne.

Fuseini: Na matasa fa, Yaya?

Yaya Sule: Ku kawo sunan fim uku, Hajiya da Malam su duba.

Fuseini: Ka ga har yanzu manya ne ke zaɓa. Amma za mu kawo, ranar Juma'a in sha Allah.

Kawu Alhassan: Ku kawo. Ni dai takardar da ba suna ba zan amsa ta ba, Sule ka rubuta wannan ma.