Musayar waƙa: Unguwar Afirka ta birnin Balin, Jamus

Ɗan Wedding: Salamu alaikum jama'a, jiya na sauka jirgin ƙasa U6 a tashar Rehberge na taka har dandalin da aka cire wa sunan Nachtigal, jami'in mulkin mallakar Jamus, aka sa na Manga Bell, sarkin Duwala ta Kamaru, a 2022, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ga nawa:

Na taka Wedding cikin Balin,
Na ga sunan Togo bisa allo,
Ga Kamaru, can ga na Gana,
Na tsaya cak ina ta kallo,
Tun 1899 suka fara raɗi,
Ƙasar mutane sun mai da ƙwallo.

Bappa Garwa:
Nachtigal ya kafa tuta Duwala,
A 1884 wai ƙasar tasu ce,
Manga Bell ya hana su ƙwace filayen mutanensa suka rataye shi a 1914,
Yau dandali nasa ne, hujja ce.
Babarbare fito, Nachtigal baƙonku ne,
Tarbar da kun yi mai sananniya ce!

Kaka Modu:
Ya zo Kukawa shekarar 1870,
Da kyautar sarkinsu a gun Shehu Umaru,
Mu baƙo muke karɓa da girma,
Gidan sarauta ne, ba a daburu.
Da Jamus ta ci Garwa kana ina?
Kana bin nagge a bayan garu!

Hajiya Turai: Kaka Modu ka gama magana, Allah ya ƙara basira! Bappa kuma ɗangonka na uku ai wasiƙa ce, numfashi ya ƙare min kafin in kai ƙarshe, kari ya karye.

Bappa Garwa: Haba Hajiya, mutum aka rataye kan ƙasar iyayensa ki ce in gutsure labarinsa don kari? Kuma "daburu" ɗin Kaka wace Hausa ce, don dai ƙafiya ta zauna ya ƙago ta kika yi shiru.

Malam Sani Zariya: Gaskiya Bappa na da hujja kan daburu, amma awon waƙa awo ne, a raba ɗangon biyu.

Ɗan Wedding: Ku dawo unguwa don Allah. Ga na titin Peters, ɗan mulkin mallakar Jamus, da aka sa wa sunan tawayen Maji-Maji na Tanzaniya da na 'yar gwagwarmayar Namibiya Anna Mungunda:

Titin Peters ma an sauke shi,
A 2024 aka raba shi biyu,
Maji-Maji da Anna Mungunda,
Sunayen da za su daɗe su rayu.

Hajiya Turai: Wannan ya hau kari. Bappa muna jiran gyaranka tun shekaranjiya.

Bappa Garwa: Ba zan taɓa ɗangon ba. Kaka, amsarka na nan tafe bayan Isha'i.