Fatsar sitilhed a kogunan Skeena: wa ya taɓa zuwa?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina tara kuɗi don in je fatsar sitilhed, wani babban kifi dangin salmon, a arewacin lardin British Columbia na ƙasar Kanada, in sauka a irin masaukin cikin dajin nan da ke haɗa mutum da ja-gora. Cikin rassan kogin Skeena, wanne ya fi: kogin Babine ko Bulkley?

Ɗan Kabi: Wa alaikumus salam. Ka dai san ba za ka ci kifin ba ko? Dokar lardin ce: sitilhed na daji sai an mayar da shi ruwa, kuma ƙugiya ɗaya tak, wadda aka danne ƙayarta. Ni da na tashi a Argungu da homa da gora, abin ya yi mini nauyi da farko. Amma ranar da na riƙe ɗaya cikin ruwa yana numfashi, kifin da ya je teku ya dawo kogin da aka ƙyanƙyashe shi, wallahi ban so ya mutu ba.

Alhajin Edmonton: Ƙanena, in daji kake so, Babine. Bulkley yana bin babban titi mai lamba 16 ta garin Smithers, shiga ba wuya, don haka mutane sun fi yawa. Satumba zuwa Oktoba ne lokacin. Kafin ka biya ko sisi, tambaye su mutum nawa ja-gora ɗaya ke ɗauka. Biyu ya yi daidai. Inda na sauka mu huɗu ne, rabin yini ina tsaye ba mai gyara mini jifa. Sannan ka ji ya za a yi da kuɗinka in an rufe kogi. A 2021 kifin ya yi ƙaranci ƙwarai, hukuma ta rufe kamun a yankin Skeena cikin Oktoba.

Maman Sadiq: Ku yi masa maganar abinci. Mu da muka je da maigidana tun wata biyu kafin tafiya muka rubuta musu cewa ba ma cin alade. Suka tanadi kifin salmon da kayan lambu. Kilishi ya taimaka da rana.

Baban Hanifa: Na gode Hajiya. Sandar fa, Alhaji? Tawa ta hannu ɗaya ce.

Alhajin Edmonton: Ta hannu biyu ake so, wadda ake kira Spey, wajen ƙafa 13. Kada ka saya tukuna, tambayi masaukin ko suna bayar da aro. Amma ka koyi jifan tun a kogin Bow na nan Calgary ɗinku, kada ka ɓata kwana biyu cikin shida kana koyo.

Ɗan Kabi: Ga lasisi kuma: na kamun kifi, da tambarin izinin kamun sitilhed, da na kogunan da aka keɓe. Safar ulu biyu, ruwan kamar ƙanƙara yake. In ja-gora ya ce akwai beyar a gaɓa, ka bi maganarsa. Ni sai rana ta huɗu kifi ya fara taɓa mini ƙugiya.

Baban Hanifa: Babine ke nan, in sha Allah. Alhaji, zan kira ka bayan Isha.