Makarantar Koriyanci ta yaranmu: ta yaya zan gane ko asusunta na da lafiya?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Maryland, maiɗakina 'yar Koriya ce, yaranmu na zuwa makarantar Asabar ta koyon Koriyanci, wadda wani coci ya ara wa azuzuwa. Bana aka ɗora min ma'aji, aka miƙo min littafin lissafi da jakar rasit. Kuɗin makaranta ke biyan ɗan alawus ɗin malamai da littattafai. Sai tallafin gwamnatin Koriya, sai bazar, wato cinikin abincin Koriya irin su kimbap da kimci da iyaye mata ke yi lokacin Chuseok, bikin girbi na Koriya. Ba a bin mu bashi, amma duk ƙarshen zango asusun sai ya kusa ƙarewa. Abin na damuna ƙwarai, don a nan Hanifa ta koyi rubuta wa kakarta wasiƙa. Me zan fara dubawa?

Malam Akanta:
Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Rashin bashi kaɗai bai isa shaida ba. Lissafa abin da kuke kashewa a wata, ka ga na wata nawa kuke da shi a ajiye. Masu harkar sukan so a samu na wata 3 zuwa 6. Sannan ka bincika takardunku na IRS, hukumar harajin Amurka. In kuɗin shigarku bai wuce dala 50,000 a shekara ba, fom 990-N, ɗan gajeren rahoton shekara na ƙananan ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji, ya wadatar, amma in aka yi shekara 3 a jere ba a cike ba, rangwamen harajinku ya tafi kai tsaye. Kuɗin tallafi kuma a rubuta shi daban, kada a gauraya da na bazar.

Maman Sadik:
Ni azuzuwan nan ne suka tsaya min a rai. Islamiyyarmu a Bronx haka ta yi shekaru a ɗakin aro, ranar da mai gini ya buƙaci abinsa muka rasa tudun dafawa. Ku tambayi farashin haya a unguwarku, ku sa shi a lissafi kamar kuna biya. Ku kuma nemi yarjejeniya a rubuce.

Ɗalibi a Seoul:
Yaya, tun 2023 tallafin makarantun nan yana hannun sabuwar hukumar kula da 'yan Koriya mazauna ƙetare, kuma ta ofishin jakadanci ake nema. Kada wa'adin ya wuce ku. Ku tuntuɓi NAKS ma, ƙungiyar irin makarantunku ce a Amurka tun 1981.

Baban Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Na lissafa, ajiyarmu ba ta kai ta wata biyu ba, kuma babu takarda tsakaninmu da cocin. Ranar Asabar zan kai wa shugabar makaranta maganar. Malam, na bazar ɗin ma yana shiga cikin dala 50,000 ɗin?