Zuwa Birnin Kudu a keke bayan karaya: wa ya taɓa bin ayari da jinya a jiki?

Malamin Kiyawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da damina babur ya kaɗe ni a hanyar Shuwarin, na samu karaya a ƙaurin dama. An cire siminti, na ajiye sanda, har na fara ɗan zaga gari a keke da yamma. To ga shi abokan hawanmu sun shirya fita a hutun Disamba: daga Dutse zuwa Birnin Kudu mu ga zanen shanun nan na jikin dutse, mu kwana, washegari mu nausa Gwaram. Ni na kawo shawarar tun bara, kuma raina yana so ƙwarai. Sai dai ƙafar tana yi mini tsami da asuba, ƙaurin ma ya rame, bai kai ɗan'uwansa ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya gaya mini yadda ta kaya.

Ɗan Rano:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa kaffara ne. Tawa karayar a wuyan hannu ce. Bayan na warke muka yi Rano, Rurum har bakin madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo. Kowa fargabar hawa yake yi, ni kuwa gangara ce ta ba ni wuya. Da keke ya sunkuya nauyinka duk ya koma kan hannu, ga matsa birki, ga gargadar burji tana bugowa har kafaɗa. Kafin mu sauka yatsuna sun yi sanyi, ba na jin birkin sosai. A dawowa wani abokinmu ya ɗaga mini kan keken, ya naɗe mariƙin da tsohon tub, inda gangara ta yi tsanani kuma na sauka na tura. Kai da yake ƙafa ce, a hawa za ka ji taka.

Baba Mai Faci, Kazaure:
Ɗana, da wane keke za ka? In irin Raleigh ko Phoenix ɗinmu ne marar giya, ajiye shi. Da su muka yi dakon buhuna a tuddan Kazaure da Roni, kuma ba sa hawa tudu sai ka miƙe tsaye a kan feda ka danna da dukkan nauyinka, abin da ƙafarka ba ta so ke nan yanzu. Nemi mai giya ko na aro ne, ka sassauta giyar tun kafin ka shiga tudun, ƙafa ta riƙa juyawa ba nauyi. Sirdi kuma a ɗaga shi yadda in feda ta kai ƙasa gwiwa za ta kusa miƙewa. Yaran da ke kawo mini kukan ciwon gwiwa, yawancinsu sirdin ne ya yi ƙasa.

Mai Gashin Ƙashi:
Malam, aikina ke nan, don haka zan faɗa maka kai tsaye. Ƙashin ƙauri yana cikin masu jinkirin haɗewa, a jikin babba yakan ɗauki wata 3 zuwa 6, wani lokaci ya wuce. Cire siminti ba shi ne shaidar ya gama haɗewa ba, hoto ne shaida. Ka koma wajen likitan da ya duba ka, ko Asibitin Ƙashi na Dala in can aka yi maka aiki, ka gaya masa tafiyar da sunanta: kwana biyu, da tudu, da hawan dutse. Ramewar nan da ka gani tsoka ce ta zube saboda zama, kuma keke yana cikin abin da mu kanmu muke sa mutane su yi don ta dawo, domin ba ya buga ƙafa da ƙasa kamar gudu. Tsamin tsoka da ke saki in jiki ya ɗumama ba abin tsoro ba ne. Amma ciwon da ke tsaye a wuri ɗaya daidai inda aka karye, ko kumburin da ya kwana bai saɓe ba, wannan a tsaya ne. Kuma don Allah kada ka sha diclofenac ko ibuprofen don ka iya bin ayari. Suna rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, ga shi iskar hunturu tana busar da jiki mutum bai ji ƙishi ba, haɗuwarsu da ƙarancin ruwa tana taɓa ƙoda.

Maman Khalifa:
Ni ba na hawa keke, amma ni na yi jinyar wanda ya hau, don haka ku ba ni dama.

Maigidana gwiwa ya goce a wajen ƙwallo. Da ya samu sauƙi abokansa suka shirya irin wannan fita, suka yi ta ce masa ai a hankali za a tafi, kowa zai jira shi. Kuma da gaske sun jira. Amma ku ji yadda jiran yake: su riga shi hawa tudu, su zauna a inuwa su sha ruwa su huta, da ya iso yana haki sai a ce to Alhamdulillahi, mu je. Shi da ya fi kowa buƙatar hutu shi ne bai taɓa samu ba. Kunya kuma ta hana shi ya ce a dakata, kada a ce shi ya ɓata wa mutane tafiya. Tun kafin azahar gwiwar ta fara kumburi bai gaya wa kowa ba. A bayan a-kori-kura aka dawo mini da shi, ya daɗe yana sallah a zaune, gashin da aka yi a baya duk sai da aka sake.

Har yau abin yana taɓa ni, domin mutanen kirki ne, ba wanda ya yi da mugunta. Tsari ne babu. Da suka sake fita bana na ce ba zai bi ba sai an yarda da abu biyu tun a gida: shi zai shiga gaba kowa ya bi takunsa, kuma a samu mota ta biyo su da kaya, in ya gaji ya shiga ba tare da neman izinin kowa ba. Sun yarda, ya je ya dawo lafiya, rabin hanyar ma a mota ya yi ta, kuma ya fi jin daɗin wannan fitar. Malam, kada ka dogara da cewa za ka yi magana in ka ji ciwo. A gaban abokai ba za ka yi ba.

Alhaji na Gumel:
Ni dai a ganina ka haƙura da bana. Jiki magayi. Zanen nan ya yi ɗaruruwan shekaru a wurin, baɗi ma yana nan.

Ɗan Birnin Kudu:
Alhaji ya yi gaskiya, amma bari in ƙara abin da na gari ya sani. Kwaltar ba ta da tsananin hawa, duwatsun a gefe suke. Wahalar tana wajen zanen: Dutsen Habude da Dutsen Mesa da ƙafa ake shiga, a taka dutse mai santsi da tsakuwa, a sunkuya a ƙarƙashin falale kafin a ga shanun. Na raka wani baƙo mai targaɗe a idon sahu, keken bai dame shi ba, saukowa daga dutsen ce ta sa sai da muka riƙe shi mu biyu. Ka zo da sandarka ko da ka daina amfani da ita. Sannan in kun hau babban titin da ya taso daga Kano ta Wudil, ku yi layi ɗaya saboda tireloli, mai ciwon ƙafa ba ya iya dirowa da sauri in an matse shi gefe. Kada ku tashi da duku-duku, ku bari hantsi ya ɗan ɗaga, sanyi da hazo su ragu.

Malamin Kiyawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan koma a ɗauki hoto. Maganar Maman Khalifa kuma na tura wa shugaban tafiyarmu kamar yadda ta rubuta, ban rage komai ba. In likita ya hana, Alhaji, zan bi su a mota in tsaya a gindin dutse.

Shugaban tafiya:
Malam, saƙo ya iso, mun kuma tattauna. Kai ne a gaba, Gwaram mun ɗage ta sai wani karon, kuma ƙanina zai biyo mu da motarsa, kuɗin mai za mu raba. Ka kawo kekenka ranar Asabar a duba giya da sirdi, ka zo da sakamakon hoton mu gani.