Jifan dalma na mata: zamiya zan koya wa ɗalibaina ko juyi?

Malamar Wasanni, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ina koyar da wasannin motsa jiki a wata sakandaren 'yan mata ta kwana a nan Birnin Kebbi. A gasar duniya ta Tokyo ta 2025, Jessica Schilder ta ƙasar Holan ta ci zinare da mita 20.29, Chase Jackson ta Amurka ta biyo ta da 20.21, sai Maddison-Lee Wesche ta New Zealand da 20.06. Na lura yawancin manyan yanzu juyawa suke yi a cikin da'ira kafin su saki dalmar. Yarana 'yan shekara 14 zuwa 17 ne, jifansu bai wuce mita 6 zuwa 8 ba, kuma dalma ɗaya muke da ita mai kilo 4. Shin in fara musu da juyin nan kai tsaye, ko in tsaya kan zamiya, wato mai jifa ta ba filin baya ta zame daga bayan da'ira zuwa gabanta kafin ta saki? Sannan ba mu da da'ira, da toka muke zanawa a ƙasa. Masana, a taimaka mana don Allah.

Koci Na Argungu

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri kan kula da yaran nan.

Kada ki fara da ko ɗaya daga cikin biyun. Yarinyar da ke jefa mita 7 matsalarta ba ta salo ba ce, ba ta iya jifan tsaye ba tukuna. Zamiya da juyi duk hanyoyi ne na kai mai jifa wuri guda, wato tsayuwar ƙarshe a gaban da'ira, kuma daga tsayuwar nan mafi yawan nisan yake fitowa. Mai koyo in ta iya zamiya sosai, abin da za ta ƙara a kan jifanta na tsaye da wuya ya wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Ki fara da nauyi. Kilo 4 na manya ne da 'yan ƙasa da shekara 20. 'Yan ƙasa da 18, kilo 3 doka ta ba su. In kika ɗora wa 'yar shekara 14 kilo 4, gwiwar hannunta za ta faɗi, ta koma wurgi kamar mai jifan mangwaro, kuma nan ne ciwon gwiwar hannu da kafaɗa ke farawa. Ki nemi kilo 3 guda biyu ko uku, ki ajiye mai kilo 4 wa manyan.

Riƙo: dalmar ta zauna a gindin yatsu uku na tsakiya, babban yatsa da ƙaramin suna tallafe ta ta gefe. Kada ta sauka cikin tafin hannu. A manna ta a wuya ƙarƙashin muƙamuƙi, gwiwar hannu a ɗage a bayanta, babban yatsa na kallon ƙasa.

Tsayuwa, ga mai jifa da dama (bahaguwa sai ta juya komai): ƙafar dama a tsakiyar da'ira, ta hagu kusa da katakon gaba (wanda ake kafawa a bakin da'ira ta gaba don ya tare ƙafa), yatsun hagu a layi ɗaya da dunduniyar dama. Wannan ɗan buɗewar ita ke ba ƙugu hanyar juyawa. In ƙafafun suka zo a layi ɗaya cif, ƙugu ya kulle. Nauyin jiki a kan ƙafar dama da ke lanƙwashe, haɓa da gwiwa da yatsun ƙafar dama a jere, kafaɗu suna kallon baya. Daga nan ƙafar dama ta murza a kan yatsu ta tura, ƙugu ya shiga gaba, ƙirji ya biyo, hannu ne na ƙarshe. Ƙafar hagu ta miƙe ta kafe, hannun hagu ya ja ya tsaya a gefen haƙarƙari, don ɓangaren dama ya samu abin da zai bugu da shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yarinya ta juyo da kai don ta ga inda dalmar za ta faɗi. Kai na juyawa kafaɗu sun buɗe, ƙarfin ƙafa ya tafi a banza, jifa ya zama na hannu kawai.

Kuma kada ki ce su harba sama sosai. Littattafan lissafi na cewa digiri 45, amma manyan masu jifa suna saki a wajen 36 zuwa 38, saboda dalmar na barin hannu daga tsayin kusan mita biyu, kuma jiki ya fi turawa gaba da sauri fiye da sama. Saurin saki shi ne gaba da komai: mai jefa mita 20 tana sakin dalmar da gudun kusan mita 13 a daƙiƙa.

Bayan makonni shida zuwa takwas na jifan tsaye, sau uku a mako, jifa 20 zuwa 25 kowace rana, sai ki shigo da zamiya. Ba tsohon yayi ba ne da za a raina. Parry O'Brien na Amurka ya fito da ita a shekarun 1950, kuma da ita Valerie Adams ta ci gasar duniya sau huɗu a jere, 2007, 2009, 2011 da 2013. Gong Lijiao ta Sin ma da ita ta ci ta 2017 da 2019.

Alƙalin Fili, Jega

Koci ya gama maganar jiki. Malama, da'irar toka ita ce za ta kayar da yaranki ranar gasa, domin yarinyar da ba ta saba da katako ba, jifanta na farko za ta taka samansa a ɗaga mata jar tuta.

Faɗin da'ira daga ciki zuwa ciki mita 2.135 ne. Ki kafa ƙusa, ki ɗaura igiya mai tsawon santimita 106.75, ki zana. Mai walda zai lanƙwasa miki shafaffen ƙarfe mai kaurin milimita 6, tsawonsa kusan mita 6.71, ya haɗe bakin. Birkila ya zuba kankare faɗin mita biyu da rabi kowane gefe, kaurin santimita 10, kwaɓin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhu huɗu zai isa. Cikin da'irar ya zauna ƙasa da bakin ƙarfen da kimanin santimita 2. Ki tsaya a kansa lokacin shafe: da cokalin katako za a goge, ba na ƙarfe ba. In ya yi sulɓi kamar daɓen ɗaki yara za su zame, in ya yi kaushi da yawa ƙafa ba za ta murza ba, gwiwa ce za ta sha wuya. Da zafin Kebbi, a rufe shi da buhunan algarara ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, in ba haka ba ya tsage.

Katakon gaba tsayinsa santimita 10, tsawonsa kusan mita 1.22, a fenta shi fari, cikinsa ya bi lanƙwasar da'irar, a ɗaure shi da noti kada ya motsa. Filin faɗuwa digiri 34.92 ne, amma ba ki buƙatar abin auna kusurwa: ki ja igiya biyu daga tsakiyar da'ira, kowace mita 20, ki buɗe bakinsu har tsakaninsu ya zama mita 12. Ga yara, mita 10 da tazarar mita 6 daidai ne.

Abubuwan da ke ɓata jifa: taɓa saman katako ko saman ƙarfe (jingina da cikinsa ba laifi), dalma ta bar wuya ta koma bayan kafaɗa, ta faɗi kan farin layi ko wajensa, fita kafin ta taɓa ƙasa, da fita ta rabin gaba. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni takaici, domin yarinya ta yi jifa mai kyau, murna ta sa ta tsallake katako. Ki sa su fita ta baya ko a atisaye. Minti ɗaya ake bayarwa bayan an kira suna. Safar hannu haramun ce, haka naɗe yatsu biyu wuri guda, amma an yarda da hodar alli a hannu da wuya.

Awo kuwa: sifirin tef a bakin ramin da ya fi kusa da da'ira, a ja tef ɗin ya ratsa tsakiyar da'ira, a karanta a cikin katako, a sauko zuwa santimitar ƙasa. In biyu sun yi kunnen doki, jifansu na biyu mafi nisa ke raba su.

Hajiya 'Yar Zuru

Malam Koci, na yarda da jifan tsaye ɗari bisa ɗari, amma ban yarda a rufe ƙofar juyi ba. Zamiya ta fi karɓar dogaye masu jiki. Tsayin Adams ya haura mita 1.90. Yawancin yaranmu ba haka suke ba, gajeru ne masu zafin nama, kuma juyi na ba irinsu doguwar hanyar tara gudu a cikin da'irar da ba ta canza girma ba. Yemisi Ogunleye, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, da juyi ta ci wa Jamus zinaren Olamfik a Paris a 2024, mita 20.00 cif a jifanta na ƙarshe, ga da'irar ta jiƙe da ruwan sama. Bajintar duniya, wato jifan mace mafi nisa a tarihi, ta Natalya Lisovskaya, mita 22.63, tana nan tun 1987, amma lambobin 'yan shekarun nan masu juyi ke kwashe yawancinsu.

Shawarata, Malama: kowa ya yi zamiya don gasa, amma ki ware biyu ko uku masu daidaiton ƙafa, su riƙa atisayen juyi ba dalma a hannu, sanda a kafaɗa, rabin juyi daga tsakiyar da'ira, minti goma a ƙarshen atisaye. Sai da'irar siminti ta samu, domin juyi a kan rairayi murɗe idon sawu ne kawai. Takalmi mai shafaffen ƙasa, ba na ƙwallo mai ƙusoshi ba.

Batun sutura, wanda shi ke hana iyaye da yawa amincewa: doka ba ta hana dogon wando, riga mai dogon hannu da rufe kai ba. Abin kiyayewa shi ne dogon hijabi mai santsi, dalma na zamewa a kansa kuma yana naɗe hannu. Ƙaramin hijabi na auduga mai kama wuya, a cusa bakinsa cikin riga, ya wadatar. Ki kira iyayen su gani da idonsu. Ki kuma gaya wa yaran cewa Vivian Chukwuemeka ta ci wa Najeriya zinare a wasannin Commonwealth na Manchester a 2002, ta kuma jefa mita 18.43 a 2003.

Watannin Maris da Afrilu a yi atisaye da sassafe ko bayan la'asar, a ajiye dalmar a inuwa don ƙarfe na ƙona wuya. Kuma ba mai shiga filin faɗuwa sai kin ba da izini, a ɗauko dalma a kawo da hannu, kada a wurgo ta baya.

Malamar Wasanni, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Koci, biyu daga cikinsu na kukan ciwon yatsan tsakiya bayan jifa. Mene ne sanadi?

Koci Na Argungu

Dalmar tana zama a kan yatsu can sama ne, ko kuma sun buɗe yatsun da yawa, sai ta lanƙwasa na tsakiyar baya lokacin saki. Ki sauko da ita gindin yatsu, a matso yatsun uku kusa da juna, a koma kilo 3. Su huta da jifa kwana huɗu ko biyar, su ci gaba da aikin ƙafa. Kafin kowane atisaye su tura dalmar ƙasa a gabansu sau goma a hankali, tafin hannu na ƙarewa yana kallon waje. In yatsan ya kumbura ko ya ƙi lanƙwasuwa, a kai ta asibiti a duba kafin ta sake taɓa dalma.