Neman shawara: tukunya da mataci don dafa ruwan tsiro da hof

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune a Asawase, Kumasi, kuma ina gwada haɗa lemon malta marar barasa a gida da tsiron dawa. Kayan aikin iri ɗaya ne da na masu dafa giya, sai dai ni ba na zuba yis. Wani abokina ya kawo mini hof, wato busasshen furen wata shuka mai ɗaci da ake sakawa a dahuwar giya, daga Jamus, irin wanda aka niƙa aka dunƙule kamar abincin kaji, domin ɗan ɗacinsa ya rage zaƙin tsiron. Matsalata ita ce, da zarar ya shiga tafasa sai ya watse ya zama koren guggubi. Jiya na tace lita 20 da ƙyallen tatar koko, ya toshe tun ban kai rabi ba, na ƙone yatsu wajen matsa. Wace irin tukunya ta dace in saya, kuma wane mataci ne zai riƙe wannan guggubi?

Wani mai walda daga Suame: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da girman tukunya kafin mataci. Mai dafa lita 20 yana bukatar tukunya mai cin lita 35 zuwa 40, saboda tafasar awa ɗaya tana cinye lita uku zuwa huɗu, kuma ruwan tsiro yana tashi da kumfa kamar madara, ya malale a kan murhu. Ka nemi ta ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 304. Ban ba ka shawarar dadesen ba, wato tukunyar alminiyon ta zubi, domin da tsofaffin ƙarafa ake zuba da yawa daga cikinsu, kuma akan sami dalma mai guba (lead) a ciki. A huda mata famfo mai rabin inci kusa da gindi, irin na ɗauri da noti da zoben silikon, wanda ba ya bukatar walda. Na faɗi haka ko da yake walda ce abincina.

Wata 'yar'uwa daga Aboabo: Ƙanena, ƙyallen kokon bai yi laifi ba, ka dai sa shi a inda bai dace ba. Maimakon ka bari hof ya watse sannan ka bi shi da tata, ka ɗaure shi a cikin jakar ƙyalle tun farko, ka jefa a tukunya, amma ka bar masa sarari domin yana kumbura sosai. Wannan ba zai ci maka kuɗi da yawa ba.

Wani dattijo da ya yi aiki a kamfanin abin sha: Maganar Hajiya gaskiya ce, amma bari in tsawaita kaɗan, domin matatan iri uku ne kuma kowanne da hof ɗinsa. Akwai ragar ƙarfe mai siffar bututu da ake ɗaura wa bakin famfo ta ciki, akwai kuma faranti mai huje-huje da ake shimfiɗawa a gindin tukunya. Waɗannan biyun an yi su ne domin furen hof wanda ba a niƙa ba, saboda furannin suna kwanciya a kansu su zama mataci da kansu. Niƙaƙƙe irin naka kuwa yana manne wa raga kamar kunu, famfo ya tsaya cak, ga ruwa mai zafi cike da tukunya. Abin da ya dace da kai shi ne kwandon raga da ake ratayawa a leɓen tukunya, mai ido kusan maikuron 300, wato kusan sulusin milimita. Illarsa ita ce ruwa ba ya zagaya hof ɗin sosai, don haka ɗaci yakan ragu kaɗan. Ka riƙa ɗaga shi kana tsomawa, ko ka ƙara hof kaɗan.

Ni dai da ni ne, zan haɗa da dabarar da manyan kamfanoni suke yi. Bayan ka kashe wuta, ka juya ruwan da muciya ta gefe ɗaya har ya yi rami a tsakiya, ka rufe, ka bar shi minti 15 zuwa 20. Guggubin hof da curarren furotin na tsiro za su taru a tsakiyar gindi kamar tulin ƙasa, sai ka buɗe famfo a hankali ka ja ruwa daga gefe. Lita ɗaya ta ƙarshe ka haƙura da ita.

Abu ɗaya kuma, tunda ba ka son barasa: ruwan tsiro mai zaƙi yana kama yis daga iska ya fara tsami da kansa, ƙwayoyin cuta ma suna son sa. Ka sanyaya shi da sauri, ka sa a firiji, a shanye cikin kwana biyu ko uku.

Mai tambaya: Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Wannan makon zan gwada jakar ƙyalle da juyin muciya a tsohuwar tukunyata, ranar Asabar kuma in shiga Kejetia in duba mai lita 40. Maigida na Suame, idan na samo ta, a wane tsayi daga gindi za a huda famfon?