Muhawara: Jaguar XK120 mai bodin alminiyam, a sabunta ta ko a sayar da ita da tsufanta?

Ogan Gareji: Salamu alaikum jama'a. Ina nan a kan bakana: duk wanda Allah ya ba Jaguar XK120 daga cikin 242 na farko, masu bodin alminiyam, ya je ya sake mata bodi da fenti kafin ya kai ta gwanjo, to ya ɓata mota kuma ya ɓata kuɗinsa. Abin da zai fito da shi daga gareji wata mota ce daban da ta ari tsohuwar lamba.

Dillali: Wa alaikumus salam. Oga, da girmanka, ban yarda ba. Ido ne ke fara ciniki kafin aljihu. Tun da William Lyons, shugaban kamfanin Jaguar, ya baje motar nan a bajekolin motoci na Earls Court, a Landan, cikin Oktoban 1948, kyanta ne ya tara mata jama'a. Yanzu a bar ta da fenti yana ɓarewa, kushin a yage, a ce an mutunta ta?

Ɗalibi a Coventry: Yayyena, ku ba ni dama in sa baki, tunda a garin nan aka ƙera ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi wuya a Ingila, gwamnati ce ke raba shi, kuma ta fi ba kamfanin da ke sayar da kayansa waje. Jaguar ba su yi niyyar yin motar da yawa ba, injin ɗinsu sabo mai silinda 6 suke son nunawa. Shi ya sa aka buga bodin farko da hannu a kan firam na katakon ash. Da oda ta yi musu yawa, musamman daga Amurka, sai suka koma bodin ƙarfe a 1950, suka yi kusan 12,000 zuwa 1954. Ke nan abin da ya raba 242 ɗin nan da sauran shi ne fatar jikinsu. In ka cire ta, me ya rage?

Dillali: Shasi ya rage, ƙanena, da injin da ya yi gudun mil 132 a awa a Jabbeke ta Beljiyam a 1949. Kuma kotu ta taɓa duba irin wannan. A 1990 an yi shari'a a Landan kan Bentley da ake kira Old Number One, wadda ta ci tseren motoci na Le Mans a Faransa a 1929 da 1930. Mai saye ya ce an canza mata kaya har ta tashi daga asalinta. Alƙali ya ce tunda tarihinta bai yanke ba, ita ce.

Ogan Gareji: Alhaji, canje-canjen Bentley ɗin nan tun zamanin da take tsere aka faro su, sun zama cikin labarinta. Ba ɗaya ba ne da wanda zai yar da bodi mai shekara saba'in da ɗoriya don hoto ya yi kyau. Kuma kasuwar ma ta juya. A 2024, a bajekolin Pebble Beach na Amurka, Bugatti Type 59 ta 1934 ce ta ɗauki babbar kyauta, daga rukunin motocin da ba a sabunta ba. Ba a taɓa yin haka ba sai a shekarar.

Mai Walda: Oga, ni dai hannuna ne ke cikin aikin bodi kullum, bari in faɗi abin da hoto ba ya nunawa. Duk inda alminiyam ya jingina da ƙarfe kuma danshi ya shiga, za ka ga wani farin gari yana zubowa, ka danna da yatsa wurin ya burma. Katakon da ke ƙarƙashi shi ma yana ruɓewa, ƙofa ta sunkuyo ta daina rufuwa daidai. Wannan ba a barinsa, ci yake yi. Amma ba na goyon bayan Alhaji a ciro fanel gaba ɗaya. Ka yanke daidai inda ya mutu, ko da faɗin tafin hannu ne, ka lanƙwasa sabon yanki, ka yi walda da wuta kaɗan-kaɗan don alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke, sai dai ka ga rami. Ta ciki kuwa ka bar sawun gudumar waɗanda suka buga shi tun farko. Aikin ya fi sa sabo cin lokaci, ya fi tsada, kuma na fi ganin girman wanda ya yi shi. Wanda ya cika wurin da fila ya fesa fenti a kai, wannan ha'inci ne.

Baba Tsohon Direba: 'Ya'yana, kuna ta bodi, ba wanda ya ambaci birki. Motar da aka raɗa wa 120 saboda gudunta, da birkin ganga take tsayawa. Tsohuwar taya, busasshen tiyon mai, wayoyin da suka zube, duk a canza. Ran mutum ya fi fenti.

Ogan Gareji: Baba, wannan babu jayayya. Birki, taya da tiyo kayan ci ne, dama ana canza su.

Hajiya Mai Lissafi: Ni inda hankalina yake shi ne ranar sayarwa. Jaguar Daimler Heritage Trust, cibiyar da ke adana tarihin Jaguar, na ba da takarda daga littafin masana'anta: lambar shasi, lambar injin, launin da motar ta fito da shi. A cikin 242 ɗin nan, masu sitiyari a dama lambar shasinsu da 660 take farawa, masu na hagu da 670. Duk hanyar da mutum ya bi, ya ɗauki hoton kowane mataki, ya rubuta abin da ya canza, ya miƙa wa mai saye. Addininmu ma bai yarda a ɓoye aibin kaya ba.

Dillali: Hajiya, na karɓi wannan. Amma har yanzu ina cewa akwai masu kuɗin da sai mai ƙyalli suke so. Malam mai walda, in katakon duk ya ruɓe fa?

Mai Walda: Sai a ɗaga fatar a hankali, Alhaji, kafinta ya sassaƙa sabon ash daidai da tsohon, a mayar da ita a kai. Ruɓaɓɓun guntayen kuma a sa musu lamba, a zuba a akwati, su bi motar zuwa hannun wanda ya saya.